Wasalin da Surabaya ke cusawa cikin kalma ya cancanci shiga aji

A rumfar mai sayar da *rawon* a birnin Surabaya na ƙasar Indonesiya, wato miyar naman shanun nan baƙa ƙirin da ake zubawa a kan shinkafa, mutum zai kai cokali baki ya ce *panas* da Jawanci, harshen mutanen garin. Ya faɗi cewa miyar tana da zafi, shi ke nan. Na kusa da shi ya kurɓa, ya janye baki da sauri, ya ce *puanas*, yana jan *u* ɗin, murya tana hawa sama. Wannan na biyun harshensa ya ƙone. Duk wanda ke zaune a kan bencin ya gane bambancin nan take, kuma ba wanda ya ƙara wata kalma. Wasali ɗaya aka cusa bayan baƙin farko, ma'ana ta tashi daga “da zafi” ta koma “da zafi ƙwarai”.

Ra'ayina shi ne wannan wasali nahawu ne cikakke, mai ƙa'idar da za a iya zayyanawa a kan allo. Makarantun lardin Jawa ta Gabas da masu tsara ƙa'idojin rubutun Jawanci suna yi wa harshen illa da suke barinsa a bakin ƙofa kamar wani surutun kasuwa. Amma kafin hukunci, sai an ga yadda abin yake aiki.

Jawanci shi ne harshen gida mafi yawan masu magana a Indonesiya. Ƙidayar 2010 ta samu mutum kusan miliyan 68 da ke magana da shi a gida yau da kullum, alhali waɗanda suka kira kansu 'yan ƙabilar Jawa sun haura miliyan 95. Wani ɓangare na giɓin ƙananan yara ne da tambayar harshe ba ta shafa ba, amma wani ɓangaren iyalai ne da suka koma harshen ƙasa. Jawancin da ake ɗauka a matsayin daidaitacce shi ne na Surakarta, wadda aka fi sani da Solo, da na Yogyakarta, biranen fada biyu da suka fito daga rabuwar daular Mataram a 1755. A Surakarta ne Turawan Holan suka buɗe cibiyar koyar da Jawanci a 1832, kuma daga bakin mutanen fada aka ɗebo abin da ya shiga ƙamusoshi da littattafan nahawu na farko. Surabaya tana gabas da nan da tazarar fiye da kilomita 250. Birni ne na tashar jiragen ruwa, na biyu a girma a ƙasar, mai mutum kusan miliyan 3, kuma karin harshensa, wanda ake kira Suroboyoan ko Arekan, ya bazu zuwa Sidoarjo da Gresik da Mojokerto da Malang da Pasuruan.

Ko a daidaitaccen Jawancin, ba kalma kaɗai ke ƙarfafa sifa ba. Akwai tsohuwar dabara ta ɗaga wasalin gaɓar ƙarshe, a ja shi, a ɗaga murya a kansa. In wasalin ƙarshe *e* ne, sai ya koma *i*: *gedhe*, babba, ya zama *gedhi*, *akeh*, da yawa, ya zama *akih*, *angel*, mai wuya, ya zama *angil*, *suwe*, daɗewa, ya zama *suwi*. In *o* ne, sai ya koma *u*: *ijo*, kore, ya zama *iju*, *abot*, mai nauyi, ya zama *abut*, *adoh*, nesa, ya zama *aduh*. Wasalin *a* kuwa yana da hanya biyu, kuma nan ne ɗalibi ke fara tuntuɓe. In gaɓar rufaffiya ce, wato baƙi ya rufe ta, *a* yana komawa *i*: *abang*, ja, ya zama *abing*, *larang*, mai tsada, ya zama *laring*. In gaɓar a buɗe take, Bajawe yana furta wannan *a* kamar *o*, shi ya sa ake rubuta Surabaya a ce Suroboyo. Saboda haka *dawa*, dogo, wanda ake furtawa *dowo*, yana bin dokar *o*, ya zama *dowu*.

Sauran wasula biyun, *i* da *u*, sun riga sun kai ƙololuwa, babu inda za a ɗaga su. Sai dai a rufaffiyar gaɓa Jawanci yana sassauta su: *apik*, mai kyau, yana fita kusa da *apek*, *alus*, mai laushi, yana fita kusa da *alos*. Ƙarfafawa a nan ita ce a ƙi sassautawar, a furta *i* ko *u* a ɗame, a ja shi. Kunne yana jin bambancin sarai. Takarda ba ta nuna shi ko kaɗan, domin *apik* na yau da kullum da *apik* mai ƙarfi haruffansu ɗaya ne.

Akwai kuma wasali na shida, wanda suke kira *pepet*, gajeren sautin nan da ba *a* ba ne ba kuma *e* ba, irin wanda ke ƙarshen *pedhes*, mai yaji, da *adhem*, mai sanyi, da *ireng*, baƙi, da *peteng*, duhu. Shi wannan ba ya ɗaguwa. Mai bin dabarar gaɓar ƙarshe in ya zo kan waɗannan kalmomi, sai dai ya ja sautin ko ya nemi wata kalma ya ƙara.

Dabarar gabas ta bi ta gaba maimakon ta baya. Ana ɗaukar gaɓar farko, a cusa *u* tsakanin baƙinta da wasalinta, a ɗora nauyin murya a wurin. *Panas* ya zama *puanas*, *larang* ya zama *luarang*, *resik*, mai tsabta, ya zama *ruesik*, *rame*, mai cunkoso, ya zama *ruame*, *legi*, mai zaƙi, ya zama *luegi*, *cilik*, ƙarami, ya zama *cuilik*. In kalmar da wasali ta fara, *u* ɗin yana zama a goshi: *enak*, mai daɗi, ya zama *uenak*, *adoh* ya zama *uadoh*, *akeh* ya zama *uakeh*, *ayu*, kyakkyawa, ya zama *uayu*. In kalmar tana da sautin hanci a gaba, *u* yana tsallake shi ya shiga bayan dukan baƙaƙen: *ngantuk*, jin barci, ya zama *nguantuk*. In kuwa wasalin farko dama *u* ne, kamar a *murah*, mai araha, babu wurin cusa wani, sai a ja wanda yake nan: *muurah*.

A lura da abin da wannan dabara ta ci wanda waccan ta kasa. Kalmomin *pepet* ɗin nan da suka gagari ɗagawa duk suna karɓar ta ba gardama: *puedhes*, *uadhem*, *uireng*, *pueteng*. Ba ruwanta da wane wasali ne a ƙarshe, ko gaɓa a buɗe take ko a rufe. Ta fi ta fada sauƙin koyo, ta kuma fi ta faɗin aiki. Ana jin ta a wajen yankin Arekan ma, har cikin Jawa ta Tsakiya, amma in mutum ya yawaita ta a magana, mai sauraro gabas zai fara kai shi.

Hujja mafi ƙarfi cewa ƙa'ida ce mai rai ita ce yadda take kama kalmar da ba ta taɓa gani ba. Ba ɗan Surabaya kalmar harshen Indonesiya, zai yi mata aikin ba tare da tunani ba: *banyak*, da yawa, ta zama *buanyak*, *mahal*, mai tsada, ta zama *muahal*, *keren*, mai burgewa, ta zama *kueren*. Har ta kai *uenak* da *buanyak* sun shiga bakin waɗanda ba su jin Jawanci, ana ganinsu a allunan masu abinci da rubuce-rubucen intanet. Tana kuma da iyaka. Sifofi take kamawa da kalmomin yanayin zuciya masu hawa da sauka, irin su *seneng*, jin daɗi, da *kangen*, kewa, waɗanda ke zama *sueneng* da *kuangen*. Ba a saba yi wa sunan abu irin *kursi*, kujera, ba, domin kujera ba ta da mataki-mataki.

Sannan ana iya haɗa dabarun biyu a kalma guda, a kuma ɗora kalma a kai. *Gedhe* babba ne. *Guedhe* babba ne ƙwarai. *Guedhi* ya ɗauki *u* a gaba, ya ɗaga wasali a baya, ya fi wancan. *Guedhi pol* ya kai maƙura. Matakai huɗu ke nan daga tushe ɗaya, kuma mai magana yana zaɓa tsakaninsu kamar yadda mai awo ke zaɓar mudu ko tiya.

Wannan *pol* ɗin ya kai mu ga kalmomin ƙarfafawa na zahiri, waɗanda kusan dukansu bayan sifa suke zuwa. *Banget* ita ce ta kowa da kowa a maganar yau da kullum: *enak banget*, *adoh banget*. Ta shiga har Indonesiyancin titin Jakarta, inda matasa suka fifita ta a kan *sangat* da *sekali* na littafi. *Tenan* tana nufin “da gaske”, tana tabbatar da magana fiye da auna ta, shi ya sa take zama daidai a bayan kalmar da aka riga aka ƙarfafa: *uenak tenan*. *Temen* da gajeriyarta *men* suna ɗauke da mamaki, wani lokaci da ƙorafi: *akeh men*, kai, wannan yawa haka. *Pol* kuwa aro ce daga kalmar Holanci *vol*, cikakke, kuma ma'anarta ba ta yi nisa da asali ba: abu ya cika, babu wurin ƙari. *Nemen* tana karkata ga abin da ya tsananta har ya yi muni, kamar ciwo ko halin mutum. A yammacin ƙasar Jawa, wajen Banyumas da Cirebon, *pisan* ake ji, wadda suke tarayya a kanta da maƙwabtansu 'yan Sunda. A can ƙarshen gabas kuma, mutanen Osing na Banyuwangi suna sa *kari* a gaban sifa. Kalmar ƙarfafawa ɗaya ta isa a gane garin mutum kafin ya faɗi sunansa.

Wurin da baƙon harshen ya fi yin asara shi ne kasuwa. A ɗauka mace ta tsaya gaban mai sayar da atamfar *batik* a kasuwar Pasar Turi ta Surabaya, aka faɗa mata kuɗi. In ta ce “*Luarang, Bu!*” (*Bu* kiran girmamawa ne ga mace), ta nuna cewa kuɗin ya girgiza ta, amma ciniki bai mutu ba, tana jiran ragi. In ta ce “*Cek larange, Bu!*” ta yi amfani da wani gini na gabas, *cek* a gaba da *e* a ƙeyar sifa, mai ma'anar “wannan irin tsada haka!”, kuma shi ma gayyatar ragi ce. In kuwa ta ce “*Kelarangen, Bu*”, magana ta sauya. Ɗafa-goshin *ke* da ɗafa-ƙeyar *en* suna nufin abu ya wuce kima, ya fi ƙarfin abin da ake buƙata: *kegedhen*, riga ta yi yawa, *keciliken*, takalmi ya matse, *kesuwen*, an daɗe fiye da yadda ya dace, *kakehan*, an zuba fiye da misali. Wanda ya ɗauka *guedhe* da *kegedhen* abu ɗaya ne zai je ya yaba wa maƙwabci sabon gidansa, ya ɓige da ce masa gidan ya yi masa yawa.

Korewa ma tana da nata tarkon. Don a ce abu ba shi da daɗi sam, ba a jan wasali, ana kawo *blas* ne a ƙarshe: *gak enak blas* a Surabaya, *ora enak blas* a tsakiya, ko *babar blas* in ana son ƙarin nauyi. Aikin *blas* daidai yake da na “sam” ko “ko kaɗan”, ba ta zama sai a jimlar da aka kore.

Tarko na uku shi ne matakan ladabi. Jawanci yana da *ngoko*, maganar tsara da tsara, da *krama*, maganar girmamawa, kuma sau da yawa kalmomin ne kansu suke sauyawa. *Gedhe banget* a *krama* shi ne *ageng sanget*, *adoh banget* shi ne *tebih sanget*, *enak banget* shi ne *eca sanget*, *tenan* kuma ta koma *saestu*. Yaron da ya ce wa dattijo a wurin ɗaurin aure abinci *uenak pol* ya yi kuskuren wuri, ko da yabo ya nufa. Wanda kuma ya ce wa abokinsa a teburin shayi *eca sanget* ya gina katanga tsakaninsu. Duka biyun kuskure ne, kuma yaro ba zai iya kauce musu ba sai an ajiye masa siffofin biyu gefe da gefe an nuna masa inda kowace take zama.

To me makaranta take koyarwa? Dokar gwamnan Jawa ta Gabas mai lamba 19 ta 2014 ta wajabta darasin harshen yanki a makarantu, Jawanci ko harshen Madura gwargwadon wuri. Jawancin da ke cikin darasin kuwa, ma'auninsa na Solo da Yogyakarta ne. A fannin ƙarfafawa, abin da ɗalibai suka fi sani shi ne jerin da ake kira *tembung mbangetake*, kalmomin tsanantawa da kowace ke manne da sifa guda: *abang mbranang*, *putih memplak*, *ireng thuntheng*, *ijo royo-royo*, *peteng ndhedhet*, *padhang jingglang*, *adhem njekut*, *teles kebes*, *anyar gres*, *sepi nyenyet*. Mai jin Hausa ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin su ne irin su ja wur da fari fat da baƙi ƙirin da kore shar da duhu dunɗum da jiƙe sharkaf da sabo dal da shiru tsit. Yadda ba a cewa “fari wur”, haka ba a cewa *putih mbranang*. Dukiya ce mai kyau, ban ce a cire ta ba, kuma yaro yana da haƙƙin ya gaje ta. Amma jeri ne rufaffe, sai dai a haddace, ba ya haihuwa. Wasu daga ciki yaron Surabaya zai yi shekara bai ji su a titi ba. A daidai lokacin da yake haddar waɗannan don jarrabawa, dabarar da yake amfani da ita sau da yawa kafin azahar, wadda ke iya kama kowace sabuwar sifa, ba ta samun matsayin ƙa'ida a gabansa.

Abin da yaro ke koya daga irin wannan shirun ya fi abin da ke cikin littafin tasiri. Yana koyon cewa Jawancin gaske yana can wani gari, na bakin uwarsa kuwa gurɓatacce ne. Dama an daɗe ana raba maganar Jawa gida biyu, *alus*, mai laushi, da *kasar*, mai kaushi, kuma Surabaya a gida na biyu aka saba jefa ta. Yaron da aka nuna wa cewa harshen gidansu *kasar* ne, aka kuma ɗora masa *krama* mai wuyar da yake tsoron yin kuskure a cikinta, yana da mafita a shirye: Indonesiyanci, wanda ba shi da matakan ladabi irin waɗannan, kuma ba wanda zai yi masa dariya a kansa. Iyaye da yawa ta wannan ƙofa suka fita, 'ya'yansu suka tashi suna jin Jawanci ba sa mayarwa.

Akwai shaidar cewa karin gabas yana iya ɗaukar aikin da ake ganin ya fi ƙarfinsa. Gidan talabijin na JTV a Surabaya ya daɗe tun farkon shekarun 2000 yana karanta labarai da Suroboyoan a shirinsa na Pojok Kampung. An soki shirin da cewa kalmominsa sun yi kaushi, amma jama'a sun riƙe shi. Wasan kwaikwayon gargajiya na *ludruk* ma da wannan karin ake yinsa tun da daɗewa. A gefe guda, tsofaffin mujallun Jawanci biyu da suka fi daɗewa, Panjebar Semangat da Dakta Soetomo ya kafa a 1933 da Jaya Baya da ta fara a 1945, a Surabaya ake buga su, amma galibin shafukansu da daidaitaccen Jawanci ne. Birnin yana magana da wani kari, yana bugawa da wani.

Masu adawa da ra'ayina suna da hujjoji, kuma biyu daga ciki suna da nauyi. Ta farko ita ce harshe mai mutum miliyoyi yana buƙatar ma'auni guda, in ba haka ba kowane gari zai buga nasa littafin, ɗan Tegal ya kasa karanta na ɗan Malang. Wannan gaskiya ne, kuma ban nemi a rushe ma'aunin ba. Abin da nake nema shi ne a koyar da shi a matsayin ƙari a kan abin da yaro ya zo da shi. Malamin da ya rubuta *guedhe* a hagu, *gedhe banget* a tsakiya, *ageng sanget* a dama, ya koyar da ma'aunin fiye da wanda ya goge na hagun, domin ya ba yaro matakalar da zai taka.

Hujja ta biyu ta fi zurfi. Suna cewa jan wasali kamar ɗaga murya ne, abu ne na motsin rai, ba wanda ke rubuta dokar yawan ƙarar da mai fushi zai yi. Rabin wannan magana daidai ne. Tsawon jan ba shi da iyaka, wani zai ja *u* ɗin na ɗan lokaci, wani ya ja shi har numfashi ya ƙare, kamar yadda Bahaushe ke jan “can” in yana nuna nisa. Amma wane sauti ake cusawa, a wace gaɓa, a bayan wane baƙi, a kan wane rukunin kalmomi, waɗannan duk tsayayyu ne a bakin mutanen gari ɗaya, shi ya sa aka iya zayyana su a sama cikin 'yan layuka. Abin da za a iya zayyanawa haka, za a iya koyar da shi.

Inda gyaran ya fi gaggawa shi ne rubutu. An rubuta Jawanci da haruffansa na *hanacaraka*, an rubuta shi da *pegon*, ajamin makarantun addini na *pesantren*, amma yau kusan kowa da boko yake rubuta shi a waya. Da yake ba wata ƙa'ida sananniya da jama'a ke bi a wannan fanni, kalma ɗaya tana fitowa da fuska biyar: *uenak*, *wenak*, *wuenak*, *uwenak*, *huenak*. Mai neman ɗaya a intanet ba lallai ya samu sauran ba, mai haɗa ƙamus kuma bai san wacce zai ɗauka ba. Dabarar gaɓar ƙarshe ta fi shan wuya. *Gampang*, mai sauƙi, in an ƙarfafa shi ya zama *gamping*, wanda a rubuce daidai yake da kalmar farar ƙasa ta gini. A baki ba sa rikicewa, domin na farar ƙasa sassautaccen *i* ne da shi, na ƙarfafawa kuma ɗamamme, amma a takarda sai mahallin magana ya raba su. *Aduh* na “nesa ƙwarai” yana karo da *aduh* na Indonesiyanci, wanda ke nufin “wayyo”. Ga kuma *lara*, ciwo, da ake furtawa *loro*: masu rubutu da kunne suna rubuta shi *loro*, wanda a ƙa'ida yake nufin biyu.

Wannan kalma ta ƙarshe tana nuna cewa batun ya wuce na ado. Marar lafiya da ya ce *lara* da wanda ya ce *luara* da wanda ya ce *luara pol* sun ba da ma'aunin ciwo mai hawa uku. Ma'aikaciyar jinya 'yar gari za ta ji shi. Wadda aka turo daga wani tsibiri, ta koyi Jawanci daga littafin da bai ambaci wannan *u* ba, tana iya jin kalma ɗaya sau uku. Haka mai fassara maganar shaida, haka na'urar da aka koya wa ta mayar da *uenak* zuwa *enak* da sunan gyara kuskuren rubutu: ta share rabin abin da mai maganar ya faɗa.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Hukumomin harshe na larduna, irin Balai Bahasa da ke Yogyakarta da ta Jawa ta Gabas, da babban taron harshen Jawanci da ake yi tun 1991, su ne wuraren da ake daidaita irin waɗannan abubuwa, kuma shafi ɗaya ya isa. A tsayar cewa ana rubuta *u* guda ɗaya bayan baƙin farko, ko a goshin kalma in da wasali ta fara, ba tare da *w* ko *h* ba: *puanas*, *uenak*. In wasalin farko *u* ne, a ninka shi: *muurah*. Ɗamammen *i* ko *u* na gaɓar ƙarshe shi ma a ninka shi, a samu *apiik* da *aluus* da *gampiing*, rikicin farar ƙasa ya kau. Mai labari ko mai talla da ke son jan wasali sau biyar yana da 'yancinsa, amma ya zama akwai siffa guda da ƙamus ya sani. Ƙamus ba ya buƙatar shigar da kowace sifa sau biyu. Ya isa a bayyana ƙa'idar a gabatarwa, a kuma yi alama a ƙarƙashin kalmomin da siffarsu mai ƙarfi ke karo da wata kalma.

A aji kuma, darasi biyu ko uku a shekarun ƙarshe na firamare sun wadatar. A fara da tambayar yara yadda za su ce shayi ya yi zafi ƙwarai, a rubuta duk amsoshinsu a allo ba tare da soke ko ɗaya ba. A ba su sifofi goma, biyar masu farawa da baƙi, uku masu farawa da wasali, biyu masu *u* a gaɓar farko, su gano dokar da kansu. Daga nan a kawo ɗagawar gaɓar ƙarshe, su gwada ta a kan *pedhes* da *adhem* su ga inda take tsayawa. Sai a raba *luarang* da *kelarangen* ta hanyar wasan ciniki, ɗaya mai kaya ɗaya mai saye. A ƙarshe a kawo *sanget* da *saestu*, a tambaye su wa za su faɗa wa wanne: kaka, malami, abokin ƙwallo, mai sayar da *rawon*. Jerin *tembung mbangetake* ya biyo bayan wannan, lokacin da yara sun riga sun san aikin da *memplak* take yi wa *putih*, domin sun ga *u* yana yi wa *panas* irinsa.